Tsaya-Cak da Hoton Tsohon Tela

Lokacin da mu masu shaguna muke haramar tashi, shi a sannan yake buɗe nasa. Shagon magani gare ni a tsallaken titi, saboda haka shekara da shekaru ina kallonsa ta ƙofa. Sai rana ta yi ja yake zuwa, ya share gaban shago, ya goge idon kyamara da wani tsumma da ba ya yarda kowa ya taɓa, ya saɓa ƙarfen nan mai ƙafa uku a kafaɗa, ya rataya 'yar jakar yashi. Tsaya-Cak muke ce masa, domin kalmar da ta fi zama a bakinsa ke nan.

Abokan cinikinsa mutanen da rana ba ta cika ganinsu ba ne: masu gasa burodi, masu gadi, ma'aikatan jinya masu kwana a bakin aiki. Ba shi da yawan fara'a, gaggawa kuwa bai san ta ba. Ya tsani filasha, wato walƙiyar kyamara, wai tana mayar da fuskar mutum kamar ta wanda aka kama da sata. Da hasken da ya tarar yake aiki, ko wutar tanda, ko tocilan mai gadi da yakan haska a jikin farin bango don hasken ya dawo a tausashe. Inda ƙafa ukun ba ta sami wurin tsayawa ba, sai ya ɗora kyamara kan jakar yashin, ya saita ta ta ɗauka da kanta, ya janye hannu. A duhu kyamara takan jima tana shan haske, kuma duk wanda ya motsa a tsakanin nan ya ɓata hotonsa.

Akwai aikinsa guda da na gani da idona. Wani tsohon tela a layinmu ya kwanta ciwo, kai da hannu suna karkarwa, ido ba ya jure haske, magani kuma yana sa shi barci wuni guda, sai bayan faɗuwar rana yake wartsakewa. Autarsa za ta bi mijinta wata ƙasa mai nisa washegari. Ni nake kai musu magani, na san abin da likita ya ce, ita ma ta sani: da wuya ta dawo ta same shi. Gidan kaf kuwa babu hotonsa ko ɗaya, shi da ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗinka wa mutane kayan zuwa ɗaukar hoto. Ta gwada da waya. Ba filasha, baƙi ƙirin. Da filasha, tsoho ya runtse ido yana hawaye.

Na shiga da magani na tarar da Tsaya-Cak a ɗakin. Ya sa an kashe ƙwan lantarkin sama, ya ajiye fitila a gefen gado, ya rataya farin zanin gado a ɗaya gefen.

"Baba, tsaya cak," in ji shi.

Tsoho ya yi bakin ƙoƙarinsa, amma yana ƙoƙari karkarwar tana ƙaruwa. Kowane hoto ya fito, fuska a dame.

"Kawu, a ƙara haske mana, ya daure," in ji surukin, mijin autar.

"Idonka ne ko nasa?" in ji mai hoto.

"Ku yi haƙuri, na ɓata muku lokaci," in ji tsohon. Autar ta juya fuska ga bango.

Tsaya-Cak ya zauna bakin gado yana kallon tsohon. Can sai ya sa hannu ya tsinke maɓallin tasa rigar, ya tuɓe ta ya miƙa wa tsohon.

"Baba, ka ga aikin telolin yanzu. Ko za ka duba mini?"

Tsoho ya yi tsaki, ya ce a miƙo allura. Autar ta zura masa zare. Yana duƙufa kan rigar, kan da ya ƙi tsayawa ya tsaya. Mai hoto ya sauke kyamara kan kujera 'yar tsugunno don ta kalli fuskar daga ƙasa, ya danna.

Fuska ta fito tas, tabarau a kan hanci, leɓe a cije. Hannun dama ne kawai ya zama hazo-hazo.

"Hannun ya ɓaci, a sake," in ji surukin.

"A bar shi," in ji autar. "Tun ina yarinya ban taɓa ganin hannun nan a tsaye ba."

Ta tafi da hoton. Ba ta dawo ta same shi ba.

Wannan watan Tsaya-Cak yake rufe shago, ido ya yi rauni. Tsaya-Cak, kai ne mai hoton waɗanda rana ba ta yi da su, kai ne ba ka taɓa kashe wa mutum ido don aikinka ya yi sauƙi ba. Ni ba mai yawan yabo ba ne, amma ƙofar nan in ta rufu zan ji ba daɗi. Masu tasowa da kyamara a hannu, ku koyi zama bakin gado ku kalli mutum kafin ku danna. Mun gode, Allah Ya saka da alheri, a madadinmu da wata mata a ƙasa mai nisa da take nuna wa 'ya'yanta kakansu yana ɗinki.