Dattijon Ƙarshen Magudana

Motar ɗaliban aikin gona ta sauke mu a Jiratawa. Mushe, wato malaminmu, yana gaba, yana nuna mana albasa kore shar. Ni kuwa idona yana can ƙarshen magudanar ruwa, inda wani dattijo yake tsugune shi kaɗai.

Rigarsa wankakkiya ce, an yi mata faci a kafaɗa da ɗinki mai kyau, ina jin akwai mai kula da shi a gida. Dugadugansa duk faso. A gabansa kunyoyin barkono ne da suka yi yaushi, domin ruwan ba ya isowa nan. Wataƙila 'ya'yansa sun tafi Maraɗi yin kabu-kabu da babur, sun bar masa gonar.

Yana tsiyaya wa wani tushe ruwan gorar da yake sha, ya tsallake wasu, ya tsiyaya wa na gaba. Zaɓen waɗanda za su rayu yake yi.

Na ce, "Sannu da aiki, Baba."

"Yawwa, ɗiyata. Ku ne masu kallo?" Bai ɗago ba. "Bara ma sun zo."

Mushe yana kiran mu ɗaukar hoto. Ruwan gorar ya ƙare a tsakiyar kunya, dattijon yana ta girgiza ta.