An sabunta wa Kaka ɗaki

Jiya da hantsi na kai wa Kaka koko, na tarar da ita tsaye tana shafa bango da tafin hannu.

Kaka ta daɗe ba ta gani. Da aka kwantar da ita a asibiti a Ɗambatta, Kawu ya zo daga birni ya gyara mata ɗaki don ta yi murna. Aka zuba siminti, aka shafe bango, aka sauya wa gado wuri.

Na ce, "Kaka, me kike nema?"

Ta ce, "Alkukina, ƙawata. A ciki nake ajiye carbi. Daga nan taku uku ne zuwa ƙofa."

Ashe masu aiki sun toshe ramin.

Na ce, "Kawu ya ce sabuntawa ce, Inna kuma ta ce kwaskwarima."

"Ko ma me suka kira shi, ni dai na zama baƙuwa. Amma kada ki gaya wa kawunki, don Allah ya yi."

Yau ko alwala sai da na riƙe mata hannu.

Ku da kuka girme ni, in gaya masa ne ko in yi shiru?