Majigin Kaka da Asubar da Inna Ta Kira Sunana

Ina 'yar shekara takwas, cikin shekarun saba'in, wata lalura ta same ni a ƙauyenmu na ƙasar Sule Tankarkar: tafiya cikin barci. Sau biyu aka tsince ni da asuba a bakin rijiya, ido a rufe. An tare ƙofa da turmi, an yi mini rubutu na sha, duk a banza. Ni ce 'yar fari, don haka Inna, mahaifiyata, ba ta taɓa kama sunana ba, daga "ke" sai "yarinyar can". Ko damuwar nan a ciki ta bar ta.

Kaka kuwa, uwar babana, bakinta ba ya hutawa. Bayan magariba takan hura wutar kara, mu kewaye ta muna gasa gyaɗa. Rannan ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku, amma wannan da idona na gan ta, a majigi a Gumel ina budurwa. Irin na da, wanda mutanen ciki ke motsa baki ba murya."

Wai wani Bature ne mai mugun ido. Sai ya kaɗa wa wani saurayi agogon sarƙa a fuska, ya zura masa ido, saurayin ya yi barci a tsaye. Daga nan ya aike shi fasa gidajen mutane, gari ya waye bai san ya yi ba. Wata rana ya tura shi ta kan soro mai tsawo, ga 'yan doka a ƙasa. Jama'a na ta ɗaga hannu, shi ko a jikinsa.

"Ba mai farkar da shi sai uwarsa, ita ma sai ta kira sunansa," in ji Kaka. "Ga shi ɗan fari ne! Ta tsaya jin kunya, ɗa yana dab da faɗowa."

Na ce, "Kaka, ba kin ce ba murya ba? Yaya aka yi kika ji?"

"Ji mini ja'irar yarinya! Ni ba uwa ba ce? Daga bakinta na gane. Ta kira, ya farka, shi ke nan." Da ƙarfi ta faɗa, tana duban murhu inda Inna ke kwasar tuwo.

Bayan kwana uku na farka ƙafata a kan gungumen bakin rijiya, sanyin asuba na ratsa ni. Wata murya ce mai rawa ta tashe ni: "Saratu! Saratu, tsaya!" Da farko ban gane ta ba, domin ban taɓa jin sunana a bakin nan ba. Inna ta rungume ni, muka yi ta kuka.

Sai da na girma na yi karatu na san Turawa ba ruwansu da kunyar ɗan fari. Na yi dariya har da hawaye, ga shi Kaka ta riga mu gidan gaskiya balle in tsare ta. Har yau ban san ainihin yadda majigin ya ƙare ba. Na dai gane ba mu yara take ba labari ba, surukarta take ba izini. Allah Ya jiƙan Kaka. Inna ba ta sake kiran sunana ba har ta koma ga Allah, ni kuwa wallahi wannan asubar ta ishe ni.