Inda Uwar Maƙerar Baba Ta Ƙare

Bana shekara ashirin ke nan da rasuwar mahaifina, Umaru Maƙeri na Kimba, kuma ina faɗa da babbar murya: ba takobi ne ya riƙe ƙasar nan ba, hauyarsa ce. Daga Jega har Liba, da wuya hatsi ya shiga rumbu ƙarfensa bai taɓa gonar ba.

Uwar maƙerarsa, wato dunƙulen ƙarfen da ake dukan aiki a kai, gadon kakansa ce, daga tama aka narko ta. A gidanmu ba a kiran yaro maƙeri sai ya ƙera hauyarsa ta fari a kanta. Ni ne na gaba, ana jiran a yi girbi.

Sai wani Bature mai tattara kayan mutane ya biyo ta garinmu, farkon zuwansu. Ya ga uwar maƙerar, ya yaba. Yabon Bature kuwa a zamanin nan umarni ne. Washegari dogarin hakimi ya iso da jaki.

"Maƙeri, Nasara na son ta. Za a aje ta inda duniya za ta gani."

Baba ya ce, "Duniyar noma takai? In ƙera mata hauya. Yaron ga fa, bisa mi za shi koya?"

"A kai shi boko. Dama ana biɗar yara."

Rana ɗaya aka raba shi da uwar maƙera da magajinta. Ya ci gaba da gyaran lauje a kan wani guntun ƙarfe, amma bai sake yarda a kira shi maƙeri ba har ya koma ga Allah.

Da zai leƙo kasuwar Aliero yau, ya ga hauyar da ake yankowa daga mushen mota, na san tsaki kawai zai yi. Da ya juyo kaina fa? Na iya rubuta sunan kowane kayan ƙira da Turanci, amma ban iya riƙon awartaki ba.

Bara na je birni, na shiga gidan tarihin da aka kai uwar maƙerar don in ga abin da ya rage na Baba. Ga zugazugansa da masabarsa, wato gudumar ƙira, da aka kwasa tare da ita, cikin gilashi, an rubuta wai ba a san mai su ba. Na tambayi mai gadi ina uwar maƙerar.

"Ƙarfen nan mai nauyi? Gilashi bai ɗaukar ta, Malam. Ai ka tsallake ta."

Da ita suke tokare ƙofa.