Safiyar da Muka Tilasta wa Baba Shofer

Akwai wata safiya a rayuwata da na tabbata ba za ta fita daga raina ba har ƙarshen kwanana. Shekaru sun wuce, na yi aure, yarana sun fara makaranta, amma in na zauna ni kaɗai sai in riƙa jin muryata ta wannan ranar, da irin maganar da na faɗa wa dattijon da ya haife ni a shekaru.

A lokacin ina ɗalibi a wata babbar makaranta a Maradi, muna karatun aikin gona. Darasin aji a cikin gari ake yin sa, amma aikin hannu sai an kwashe mu zuwa filayen gwaji na Jiratawa. Ƙasa kuwa ba ta zauna lafiya ba a shekarun. 'Yan siyasa na ta jayayya a kan tsarin mulki, yau zanga-zanga, gobe yajin aiki, kowace rediyo da abin da take faɗi. Mu ɗalibai muna ganin mu ne a gaban sahu. Ba ma kiran juna da suna, sai dai "kamarad", kuma duk wanda ya ce mana a'a, to mun gama yanke masa hukunci, maƙiyin dimokuraɗiyya ne. A wannan shekarar aka zaɓe ni dalage mai kula da sufuri, wato wakilin ɗalibai a kan duk abin da ya shafi motar da ke ɗaukarmu. Na ji daɗin muƙamin fiye da yadda ya kamata.

Motar guda ɗaya ce tal, wata tsohuwar kar mai kujeru kamar arba'in, mu kuwa mun kusa ninka haka. Ƙofarta da igiya ake ɗaure ta. In ana ruwa, na cikin motar da na waje duk ɗaya ne. Wata rana sai mun sauka mun tura kafin ta tashi, wata rana kuma a yi ta jira a bakin hanya har rana ta take ba ta zo ba. Sau uku ina rubuta wa hukumar makaranta takardar koke, kuma a kowace takarda sai na sa maganar birki. Amma gaskiyar magana, ina sa ta ne don takardar ta yi nauyi. Ban taɓa zama na yi tunanin abin da kalmar take nufi ba in mota na tafe da mutane a ciki.

Mai tuƙa ta wani dattijo ne ɗan garinmu Tsibiri, kowa Baba Shofer yake ce masa. Ya yi shekara da shekaru yana jan babbar motar wani Alhaji ɗan kasuwa tsakanin Maradi da Kano da Kwatano, kafin ya gaji da doguwar tafiya ya karɓi aikin makaranta. Ya san mahaifina, gonarsu ma maƙwabta ne. Mutum ne marar yawan magana. A ƙofar gidansa motar ke kwana, da sassafe ya ɗauki mu 'yan Tsibiri, ya shiga Maradi ya tsaya unguwar Sabon Gari, ya tsaya unguwar Zariya, sannan ya miƙe kudu zuwa Jiratawa.

Ranar da abin ya faru damina ta yi nisa, hatsi ya fara fitar da kai. Muna da jarrabawar aikin fili wadda yajin aiki ya sa aka ɗage har sau biyu. Malamin da zai yi mana ita daga Yamai ya zo, kuma ya faɗa mana ƙarara cewa da azahar zai kama hanya, wanda bai zo ba sai dai ya maimaita shekara. Kowa ya fito da zuciya a wuya.

Da muka iso Sabon Gari, ɗalibai suka yi ta shiga, amma Baba bai tayar da mota ba. Sai ya sauka, ya zagaya baya, ya durƙusa kusa da taya. Na bi shi. Ya shafa ƙasa da yatsa ya nuna mini, yatsan ya jiƙe da mai.

"Dalage," ya ce da ni, "man birki ne ke zuba. Tun daga Tsibiri nake jin shi yana nutsewa ƙarƙashin ƙafata. Motar ga ba ta zuwa Jiratawa yau sai an gyara. Ku ba ni awa biyu in kai ta garaji."

Awa biyu ke nan jarrabawa ta wuce mu, don ba za a gama da mu kafin azahar ba. Kafin in ce komai, labari ya shiga cikin mota, mutane suka fara sauka suna kewaye mu. Wani ya ce ai dama an shirya, hukuma na son mu faɗi ne don ta samu hanyar korar waɗanda suka jagoranci yajin aiki. Maganar ba ta da tushe, amma a lokacin ta yi mini daɗi a kunne. Na ga idanu sun dawo kaina, ana jiran a ga abin da dalage zai yi.

"Baba," na ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "faɗa mana gaskiya, wa ya turo ka?"

Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ni ba ni da ofis, ba ni da jam'iyya. Maganar birki nake yi maka."

"Kullum da birkin nan kake kai mu. Sai yau da muke da jarrabawa ya lalace? In ba za ka iya ba, ba mu makulli. Akwai kamarad ɗin da ya iya tuƙi."

Har yau ina ganin yadda fuskarsa ta sauya da na ambaci makulli. Daga baya na fahimci ba zagin ne ya motsa shi ba. Ya ga yadda muke a ranar, ya san za mu iya ƙwacewa, ya kuma san abin da zai faru in yaro marar gwaninta ya hau wannan motar. Ya shiga wani shago ya sayo ƙaramar kwalbar man birki ya ɗura, ya goge hannunsa a jikin riga.

"To, zan tafi," ya ce. "Amma sharaɗi guda. Na zaune kaɗai. Kada kowa ya tsaya."

Na ce na yarda. A Zariya na karya alkawarin. Mutum sun fi talatin suna jira a bakin hanya, yawancinsu mata, ga littattafai a hannu. Na tsaya a bakin ƙofa ina cewa a shiga, a matsa ciki, ba za a bar kamarad ko guda ba. Baba ya waiwayo ya dube ni, na kawar da kai. Abokina na kusa, wanda muke zama benci ɗaya tun shekarar farko, ya tashi ya ba wata ɗaliba kujerarsa. Ni da bakina na ce masa ya dawo nan bakin ƙofa kusa da ni, akwai wuri. Aka ɗaure ƙofa da igiyarta, muka tafi.

Baba bai yi gudu ba. A hankali yake tafiya, har wasu na baya suka fara buga jikin mota suna cewa ya taka. Mun fita gari, mun wuce gonaki, har na fara jin a raina cewa ai ga shi ba abin da ya faru. Sai muka iso wani gangare kafin a shiga Jiratawa. A ƙasan gangaren akwai amalanken shanu a tsakiyar hanya, ɗauke da mata da buhunan zogale za su kasuwa, ga kuma wata babbar mota tana tahowa ta ɗaya hannun.

Ina kusa da shi, don haka na ga komai. Ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Ya sake takawa, ya sake. Bai yi ihu ba. Na ji dai ya ce "Bismillahi", ya danna oda, ya fizgo giya ya mayar ƙasa har injin ya yi wata irin ƙara. Motar ta rage gudu amma nauyinmu na tura ta. Ina ganin fuskokin matan da ke kan amalanken, wata ta rungume jaririnta. Sai Baba ya ce, "Ku riƙe," ya karya sitiyari dama, muka bar kwalta muka faɗa cikin gonar hatsi.

Yashi ne ya cece mu. Motar ta yi ta tattake hatsi tana tangaɗi, tayoyin suka nutse, ta karkata gefe kamar za ta kife, sannan ta tsaya. Amma a wannan karkatar mutane suka zubo kan ƙofa, igiyar ta tsinke. Ni na kama ƙarfen da ke sama. Abokina bai samu abin kamawa ba. Ya faɗa waje, ƙafarsa ta shiga tsakanin matakalar mota da ƙasa.

Ba wanda ya mutu. Wasu sun fasa goshi, wata ta gurɗe hannu. Manoman da ke kusa suka zo da fartanya suka tone yashi muka jawo abokina. Baba ne ya cire rawaninsa ya ɗaure masa ƙafar da karan hatsi. Aka samu wata mota ta kai shi asibiti a Maradi. Ƙashin ya karye wuri biyu. Jandarmomi suka zo suka tafi da Baba, sai da yamma suka sake shi.

Abin da ya biyo baya ya fi haɗarin kansa ba ni kunya. Ƙungiyarmu ta ɗalibai ta yi taro, aka ce a fitar da sanarwa. Ni na rubuta ta. Na zagi hukuma a kan ruɓaɓɓiyar mota, na ce kuma ta damƙa rayukanmu a hannun tsohon da ya kamata a ce ya huta. Ban sa ko kalma ɗaya a kan abin da ya faru a Sabon Gari ba. Ita ma hukumar makaranta sai ta ga hanya ta samu, ta ce shofer ne ya yi lodi fiye da ƙa'ida, ya kuma fita da mota bai sanar da lalacewarta ba. Aka dakatar da shi, aka kafa kwamiti, ana maganar za a mayar da shi hannun shari'a. Mu da hukuma da ba mu taɓa yarda a kan komai ba, sai ga shi mun haɗu a kan mutum guda.

Kwana huɗu ina kauce wa layin gidansa. A rana ta biyar mahaifina ya ce in je in gaishe shi, bai san komai ba, shi dai ya ji maƙwabcinsa na cikin damuwa. Na same shi a gona yana cire ciyawa. Na gaishe shi, ya amsa kamar kullum, ya tambayi jikin abokina. Sannan na tambaye shi abin da ya faɗa wa jandarmomi.

"Na ce musu birki ya ƙi, na shiga gona."

"Ba ka faɗa musu yadda muka yi da kai ba, Baba?"

Ya dogara da hauyarsa. "Ni ke riƙe da sitiyari. Na san motar ba ta da lafiya, na hau. Da na jefa makullin cikin rijiya, da yaron nan na tafiya da ƙafarshi yau. Wannan nawa ne, kuma shi zan amsa. Naka kuwa, kai ka san shi, ba sai na kai ka ƙara ba."

Ya koma kan ciyawarsa. Da ya zage ni da na samu abin riƙewa.

Ranar da kwamiti ya zauna, an kira ni ne in karanta koken ɗalibai. Na tashi da takardar a hannu, na kasa karantawa. Na ajiye ta na faɗi abin da ya faru tun daga yatsan da ya nuna mini da mai, da maganar makulli, da sharaɗin da ya kafa, da yadda na karya shi a Zariya. Na kuma tuna musu takardu uku da na rubuto a kan birki waɗanda ba a taɓa amsawa ba. Wani daga cikin shugabannin ƙungiyarmu ya tashi ya fita.

A makon aka cire ni daga dalage. Wasu suka ce na sayar da gwagwarmaya, akwai waɗanda har muka gama makaranta ba su sake yi mini magana ba. Maganar shari'a ta mutu, amma ba a mayar da Baba bakin aiki ba, aka ce shekarunsa sun kai. Ya koma noma. Motar kuwa aka jawo ta aka ajiye a bayan makaranta, muka yi wata da watanni kowa na neman hanyarsa zuwa Jiratawa, wasu a kabu-kabu, wasu a keke, kafin a samo wata.

Abokina ya maimaita shekara saboda doguwar jinya, kuma har yau yana ɗingishi. Na je na roƙe shi gafara tun yana kwance. Ya ce ya yafe, ya ce shi ma yana cikin masu ihu a Sabon Gari. Muna zumunci har yanzu, amma in muna tafiya tare nakan rage sauri, shi kuma yakan yi kamar bai lura ba. Baba ya rasu bayan wasu shekaru. Na samu jana'izarsa.

Abin da wannan rana ta koya mini shi ne, samun jama'a a bayanka ba ya nufin kana da gaskiya. Kokenmu a kan motar daidai ne, hukuma ta yi sakaci, amma da wanda ya fi kowa sanin motar ya buɗe baki, sai na tambaye shi ɓangaren da yake maimakon in saurari abin da yake faɗi. Yanzu ni ma ina da mutane a ƙarƙashina a wurin aiki. In ɗayansu ya zo ya ce mini abu kaza ba lafiya, ko da ranar ta fi kowace rana gaggawa, nakan dakatar da komai in bi shi in gani da idona. Sau da yawa ba wani abu ba ne babba, mukan yi asarar awa ɗaya ko biyu. Na yarda da wannan asarar, don na ga abin da ake biya in an ƙi yin ta, kuma ba ni na biya ba.