Badaru Mai Tace Ruwan Maraba

Badaru ɗan Yazidu shekararsa arba'in da bakwai, matarsa ɗaya, ƴaƴansa biyar, kuma a Dakoro an san shi da fataucin raguna. Sana'ar gado ce. Yana sayo su daga makiyayan da ke arewacin Bader Goula, ya loda a kamyo, wato babbar mota, ya kai Maradi, in Layya ta matso har Yamai. A wata guda da ƙyar yake kwana goma a gidansa. In ka tambaye shi wurin da ya fi so a duk wannan yawo, tun kafin ka rufe baki zai ce maka kantin Zakari.

Kantin yana Maradi, a wani lungu bayan tashar motoci. Zakari na sayar da abin da yake kira kayan daji: tantuna, jakunkunan barci, fitilun ɗaurawa a goshi, takalman hawan dutse masu nauyin turmi. Yawancinsu gwanjo ne da ake kawowa daga Kwatano cikin dila. Turawa suka yi amfani da su a ƙasashen ƙanƙara, suka gaji, suka zubar. Shi kansa Zakari sau ɗaya ya taɓa kwana a wajen Maradi, wani biki da ya je Tibiri. Amma ya iya baki. Da ya hango Badaru sai ya miƙe ya karkaɗe kujera.

"Babban matafiyi, sannu da hanya. Jiya-jiya wani kaya ya iso, na ce wanga ba na kowa ba ne, na mutumin da ya san daji ne."

Shekara shida ke nan Badaru bai taɓa fita daga kantin hannu wofi ba. Ya sayi takalman hawan dutse, alhali daga Dakoro zuwa inda yake zuwa yashi ne zalla. Ya sayi jakar barci da aka ɗinka don sanyin ƙanƙara, ya gwada ta sau ɗaya cikin bazara, ya fito jiƙe sharkaf kamar an tsamo shi daga rijiya. Yanzu tana bayan ɗaki, kazar matarsa Rabi'atu ta ƙyanƙyashe a cikinta sau biyu. Tantinsa na farko ma Rabi'atu ce ta sama masa amfani, a ciki take shanya kuɓewa, ta ce ƙuda ba ya shiga.

Abin da Badaru ba ya faɗa a kantin shi ne, a Maradi gidan ƙanensa yake sauka, a Yamai kuma ɗakin mai masaukinsa har da fanka. Kwanan daji sau ɗaya yake yi a shekara, a wurin Baba Ango.

Baba Ango tsohon makiyayi ne, abokin marigayi Yazidu. Fiye da shekara talatin gidan Yazidu kaɗai yake sayar wa manyan ragunansa na Layya, ko wa ya zo kuwa. Ragunan nan su ne sunan Badaru a Yamai. Akwai masu gidajen da ba sa duba ragon kowa sai sun ji kamyonsa ya iso. Kuma cinikin yana da tsarinsa tun zamanin uban. Baƙo ya iso da la'asar, a miƙo masa ƙwaryar ruwan rijiya, ya sha ya mayar. A dafa shayi sau uku. Ya kwana a tabarma ƙarƙashin rumfar mai gida. Ba a ambaton rago sai da safe, bayan an sha nono.

Bana, saura sati uku Layya, Badaru ya biya ta kantin. Zakari ya fito da wani ɗan bututu shuɗi mai tsawon taƙi, ya ce matatar ruwa ce. Ka tsoma ƙasanta cikin kowane irin ruwa, ka zuƙa ta sama, duk ƙwayar cuta ta tsaya a ciki.

"Ruwan ƙauyen nan da kuke sha, Allah kaɗai ke tsare ku," in ji Zakari. "Mutum irinka bai kamata ya riƙa kasada da cikinshi ba."

Badaru bai taɓa ciwon ciki daga ruwan Baba Ango ba. Ya saya duk da haka, ya haɗa da sabon tanti da ɗan murhun gas.

Ya isa wurin Baba Ango da la'asar kamar kullum, sai dai wannan karon babur ɗin da ya kawo shi ya sha kaya har ba a ganin mai tuƙi. Aka gaisa. Azara, uwargidan Baba Ango, ta kawo ƙwaryar ruwa da hannu biyu, ta durƙusa ta ajiye. Badaru ya zuge jaka, ya zaro bututun, ya tsoma a ƙwaryar, ya shiga zuƙa. Bututun na da tauri, sai da kumatunsa suka lotsa kafin ruwa ya hau. Maza biyar na zaune suna kallo.

"Ɗan Yazidu, mi ne ne wanga?" in ji tsohon.

"Matata ce, Baba. Tana tsare datti da cuta."

"To."

Azara ta ɗauki ƙwaryarta ta koma, ba ta sake fitowa ba. Badaru a ransa ya ɗauka mamaki ne ya kama su, abin ya yi masa daɗi. Da aka hura gawayin shayi sai ya ce kada su wahala, ya kunna murhunsa ya dafa nasa cikin minti uku, ya shanye shi kaɗai, su kuwa ko na farko bai tafasa ba. Kafin magariba ya auna taki talatin daga rumfar, ya kafa tanti, ya shige ya ja zif. An riga an shimfiɗa masa tabarma a rumfar, inda ubansa ya saba kwana. Wani daga cikin ƴaƴan gidan ya naɗe ta ya jingine.

Da safe aka kawo nono. Badaru ya duba ya ga nono ba zai bi ta bututu ba, sai ya ce ya ƙoshi. Sannan ya gyara zama ya tambayi raguna.

"Raguna suna nan lahiya," in ji Baba Ango. "Amma na yi tunani. Tun da aka haife su ruwan rijiyar nan suke sha, ba a taɓa tace musu ba. Ba ni son in ba ka abin da zai cuci mutanenka na birni."

"Haba Baba, ai rago daban, mutum daban."

"Ubanka bai taɓa bambanta ba. Ka gaida gida."

Kwana biyu bayan haka Jamilu ya je, wani ɗan kasuwar Birnin Lalle da ya daɗe yana zawarcin ragunan nan. Ba shi da komai sai rawani da buhun sukari. Ya sha ruwa har ya nemi ƙari, ya kwana a tabarma. Raguna arba'in da biyu ya kora. Badaru ya tattara abin da ya samu a kasuwar Dakoro ya kai Yamai, masu jiransa suka leƙa kamyon, suka yi masa barka da zuwa, suka wuce wurin Jamilu.

Rabi'atu ba ta ɓoye masa ra'ayinta ba.

"Baban Haula, ka ɗauki sukari da ganyen shayi ka koma. Ka bar jakar nan gida. In an ba ka ruwa ka sha da bakinka kamar ɗan mutane, ka ba tsohon nan haƙuri. Tun kahin Jamilu ya zama ɗan gida."

Ya ce zai duba. Ya kuwa duba, a kujerar kantin Zakari, inda ya kwashe labarin duka ya faɗa. Zakari ya saurara yana girgiza kai, sannan ya ce shi ya gano matsalar: tsohon ya ji haushi ne don an zo da abu mai kyau ba a kawo masa nasa ba.

Ranar Alhamis da ta wuce Badaru ya sayi matata ta biyu, babba, irin wadda ake ratayewa a reshe ta ishi gida guda. Ya sa an naɗe ta a takarda mai ƙyalli, ya ɗaura a bayan babur, ya kama hanyar Bader Goula zai kai wa Baba Ango.