Sajen Baba

Baba mutum ne mai saje. Tun ina yaro a unguwar Tandabawi ta Makka na san shi da gashin nan siriri daga kunne zuwa kumatu, sai ɗan gemu fari da yake tsefewa da yatsu in yana alwala. Wani tsohon wanzami Bakano ke gyara masa. Da wanzamin ya rasu, shanyewar jiki ta riga ta kama harshen Baba, fuskarsa kuma ta cushe da gashi. Kullum sai ya shafa kumatu ya dube ni.

Ni da ƙanena muka kai shi shagon aski a unguwar Utaibiyya. Mai askin ba ya jin Hausa, ni kuma na rasa sunan saje da Larabci. Ƙanena, wanda Larabci ya fi zama a bakinsa, ya zaro waya.

"Yaya, kai da damuwa! Khalas, shi ke nan, ga shi nan."

Ya ce ya gano sunan da Turanci, wai daga sunan wani hafsan sojan Amurka aka samo shi, don irin gashin da ya tara. Har da hotonsa.

Ni a lokacin hankalina na kan la'asar. Shakka ta kama ni ko alwalata ta karye a mota. Haka nake, in shakka ta shige ni ba na iya zama. Na ce, "Nuna masa, ina zuwa." Ban kalli hoton ba, na fita sake alwala.

Da na dawo, gashin kumatun Baba na nan tuli guda haɗe da gashin baki, haɓarsa kuwa fes. Haka sojan yake a hoton. Mai askin ya ce sai da ya tambaya, aka ce masa "aiwa", wato e. Ƙanena ya rantse kumatu kawai ya duba a hoton.

"Baba, zai tsiro," in ji shi.

Baba bai dube shi ba. Da na zuba masa ruwan alwala a gida, yatsunsa suka nufi haɓa kamar kullum, suka tarar ba komai, suka tsaya a nan.

Na tambayi malamai ko da laifi a kan Baba don aske gemun, duk suka ce babu. Ban samu natsuwa ba. Gemun bai kai a tsefe shi ba Allah ya karɓi ransa. Ni na yi masa wanka, na daɗe hannuna na kan haɓar.